Filas Ɗin Da Aka Wanke: Fashin Baƙi Kan Kashin Da Ya Raba Kan Majalisarmu

Kwana uku ke nan teburin mai shayin bakin layinmu a Gwammaja bai san wata hira ba sai ta filas. An ajiye ƙwallo, an ajiye siyasa, ko kukan tsadar mai ba a yi. Shekaranjiya da daddare mai shayin da kansa ya zuba wa wani sukari sau biyu a kofi ɗaya, don hannunsa na kan aiki amma kunnensa na wajen musu. Duk wannan a kan kashi na goma sha ɗaya ne na shirin binciken kisan kai mai dogon zango da 'yan majalisar ke bi kowane mako. Wanda bai kalla ba, kuma ba ya son a ɓata masa, gara ya tsaya nan.

Ga abin da ya faru a gurguje. Wani attajiri mai shaguna a Kantin Kwari ya sha shayi da daddare a ɗakinsa, kafin asuba rai ya yi halinsa. Mata biyu gare shi, da 'ya'ya manya da ƙanana, da ƙane mai kula masa da kasuwa, da direba. Gida ya ce ajali ne, dama yana fama da hawan jini. Aka sa jana'iza bayan azahar. Sufeton da labarin ke kansa ta'aziyya kawai ta kawo shi a matsayin maƙwabci, sai mai wankan gawa ya ja shi gefe ya raɗa masa cewa kumfar da ya gani a bakin mamacin, da wani wari kamar na maganin ƙwari, ba su kwanta masa ba. Daga nan sufeto ya shiga tsere da lokaci, kuma bai ci ba. Aka sallaci gawa, aka kai ta makwanci, jama'a suka dawo suna karkaɗe ƙasa daga takalma. Washegari direba ya amsa laifi a bayan kanta, ido ɗaya a kumbure. Abu na ƙarshe da aka nuna shi ne hannun mace yana wanke filas a bakin famfo. Sai allo ya yi baƙi.

Abin da ya fara ba mutane mamaki shi ne yadda suka tsorata alhali ba a nuna ɗigon jini ko ɗaya ba. Ba wuƙa, ba bindiga, ba ihu. Sirrin yana cikin minti uku na farko, inda aka nuna mana hannun namiji sanye da zoben azurfa yana tsiyaya wani abu a cikin filas, ba tare da fuska ba. Daga lokacin mun san abin da mutanen gidan ba su sani ba. Filas ɗin kuma bai tafi ko'ina ba. Yana nan a gefen kujera har aka shimfiɗa tabarmin makoki, mata na salati, ana shiga ana fita, ga wata yarinya da ba ta wuce shekara huɗu ba tana zagaya shi tana cewa ita shayi za ta sha. Telan majalisarmu ya rantse cewa sai da ya daka wa wayarsa tsawa, “Ke, ajiye!”, har matarsa ta fito da gudu daga kicin.

Wannan dabara ba sabuwa ba ce. Alfred Hitchcock, daraktan nan ɗan Ingila, ya taɓa bayyana ta da misalin bam a ƙarƙashin tebur: in ya tashi ba zato, mai kallo zai firgita na 'yan daƙiƙu, amma in an nuna masa bam ɗin tun farko, aka bar mutanen teburin suna hirarsu ta banza, to zai zauna a kan ƙaya har hirar ta ƙare. Abin da ya burge ni shi ne yadda suka mayar da bam ɗin filas, kayan da babu gidan da ba shi a Kano. Sannan suka yi abin da masu shirya finafinanmu ba su cika yarda su yi ba, wato suka kashe kiɗa. Ƙarar buta kawai kake ji, da sharar tsintsiya, da kukan da ake dannewa. Mai shirya fim a garin nan yana aiki ne da sanin akwai Hukumar Tace Finafinai tun 2001, akwai kuma idon iyaye da ke zaune a falo tare da yara, saboda haka baje gawa da jini ba hanya ba ce gare shi. A wannan karon takurar ta yi masa rana.

Musun farko, kamar kullum, shi ne wa ya yi. Rabin majalisa suka ce amarya ce, tun kafin su gama haɗiye burodi. Ban ga laifinsu ba, shekara da shekaru finafinai na koya mana cewa in miji ya faɗi a gidan mata biyu, a dubi ɗakin wadda ta zo daga baya. Malamin Islamiyyar unguwa ne ya kashe wannan zancen da lissafi a bayan kwalin madara. Ya ce mamaci na da 'ya'ya, don haka rabon mata tumuni ne, ɗaya bisa takwas, kuma su biyu za su raba. Ko da dukiyar ta kai naira miliyan 80, miliyan 10 ce tasu, kowacce ta tashi da biyar. Sannan ta yi takaba wata huɗu da kwana goma, ta kwashe kayanta. “Macen da miji ke yi wa abin da muka ga yana yi wa amaryar nan,” in ji shi, “ransa ya fi mata mutuwarsa riba.” Sai aka koma kan ƙanin mamaci, mai fuskar rashin gaskiya da yawan share gumi. Malam ya ce shi ma in don gado ne ya yi aikin banza, domin ɗa namiji na katange ɗan'uwa, ko sisi ba zai gani ba. Sai dai in akwai ɓarnar da ya yi a shago yana tsoron ranar lissafi, wannan kam dalili ne. Ya ƙara da abin da kowa ya sani amma aka manta a zafin musu: wanda ya kashe da gangan ba ya gadon wanda ya kashe.

A nan na lura da wani abu. Mai kallon shirin bincike a Landan zai tambayi wa aka rubuta a wasiyya, wa ke cin kuɗin inshora. Mu a nan rabon a rubuce yake tun kafin a haifi mamacin, kuma yaron da ya yi Islamiyya zai iya buga shi. Marubucin da bai san ilmin gado ba, masu kallonsa za su kama shi tun a kashi na biyu.

Musu na biyu wani ɗalibin Jami'ar Bayero ne ya tayar, ya ce marubucin ya yi mana maguɗi. Hannun farko na namiji, na ƙarshe na mace, to wanne za mu bi? A ganinsa ana jan mu ne kawai don mu ƙona data mako mai zuwa. Ƙorafin nasa na da asali. Tun 1929 wani limamin coci ɗan Ingila mai rubuta labaran bincike, Ronald Knox, ya jera ƙa'idoji goma na adalci tsakanin marubuci da mai karatu. Daga ciki akwai cewa dole a ambaci mai laifin tun farkon labari, kada a jajibo baƙo a ƙarshe. Duk alamar da mai bincike ya gani, a nuna wa mai karatu ita nan take. Kuma ba ruwan tsafi ko aljanu a warware matsala. Wannan ta ƙarshen da za a ɗabbaƙa ta a nan, da finafinai da yawa sun rasa yadda za su ƙare, domin mun saba boka ya buga ƙasa, ko mamaci ya zo a mafarki, ko mai laifi ya haukace ya tona wa kansa asiri a tsakiyar kasuwa.

Amma shirin nan bai karya ko ɗaya ba, kuma tela ne ya tabbatar da haka. Ya tsayar da hoton ƙarshe, ya buɗa shi da yatsu biyu har ya cika allon wayar, ya miƙa wa ɗalibin. “Ɗan samari, dubi farcen nan da kyau.” Lallen da ke kan farcen ya tsufa, ya sauka har rabi, sabon farce fari ya tsiro daga ƙasa. Amarya kuwa mun gan ta da safe tana karɓar gaisuwa da hannu jawur, lallen da bai kwana bakwai ba. Hannun uwargida ne ke wanke filas. Ba hannu ɗaya aka canja mana ba, mutum biyu ne: wanda ya zuba, da wadda ta wanke. Ɗalibin ya yi shiru ya nemi a ƙara masa shayi.

Inda hirar ta yi nauyi shi ne kan sufeto. Matasa suka ce rago ne. Me ya hana shi tare makara, ya ce ba inda gawar nan za ta sai asibiti? Akwai wani dattijo da ke zama tare da mu, tsohon ɗan sanda da ya yi ritaya, muna ce masa Baba Saje. Bai cika sa baki a hirar fim ba, amma wannan ta taɓa shi. Ya ce, “Yara, kun taɓa tsayawa gaban mutum ɗari uku da suka yi alwala suka yi sahu, ga 'ya'yan mamaci a gaba, ku ce a sauke gawa za a kai a fede ta? A kan me? A kan raɗar mai wanka?” Wani ya ce, “To Baba, doka fa?” Ya ce doka na nan, majistare na da ikon ba da umarnin a binciki gawa, har ma a tono ta in an binne. Amma kafin ka rubuta, ka kai, a sa hannu, an riga an dawo daga maƙabarta an ɗora tukunyar sadakar uku. Tono kuwa, ya ce, a faɗa ne yake da sauƙi.

A ganina wannan shi ne ƙashin bayan kashin gaba ɗaya, kuma shi ya sa duhunsa ya bambanta da na shirye-shiryen Turawa da muke kallo. A can gawa ce babbar mai ba da shaida. Takan yi kwanaki a firjin asibiti, likita ya ɗebi jini da abin da ke cikin tumbi, a auna, a ce ga abin da ya kashe shi, ga lokacin. An kewaye ɗakin da igiya, ba mai shiga. Duk wannan ya ginu ne a kan ƙa'idar da Edmond Locard, Bafaranshen da ya buɗe ɗakin gwajin 'yan sanda a birnin Liyon a 1910, ya shahara da ita, cewa duk wanda ya taɓa wuri zai bar wani abu nasa, ya kuma tafi da wani abu na wurin. To kawo wannan ƙa'ida gidan rasuwa a Kano. Kafin hantsi an share ɗaki, an ɗauke shimfiɗa, an turara wuri, an wanke kwanuka saboda baƙi, mutum ɗari sun taka inda mutum ɗaya ya taka jiya. Kafin la'asar babbar shaidar tana ƙarƙashin ƙasa.

Kuma ba wanda ya yi haka da mugunta. Gaggauta jana'iza umarni ne na Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana cikin Buhari da Muslim. Share gida don masu gaisuwa mutunci ne. Cewa “mun bar wa Allah” haƙuri ne da ake yabon mai shi. Ƙin yarda a taɓa jikin mahaifinka da wuƙa ƙauna ce. Marubucin ya ɗauki kyawawan ɗabi'unmu ɗaya bayan ɗaya ya nuna yadda mai zoben azurfa ya fake a bayansu, ya san ba sai ya ɓoye komai ba, mutanen kirki za su ɓoye masa. Abin da ya hana mutane barci ke nan, ba filas ba. Kowa a teburin nan ya taɓa zuwa jana'izar da aka yi ƙus-ƙus a bayan sahu, aka ce ai jiya ma lafiya lau aka rabu da shi, sannan aka yi addu'a aka watse.

In gawa ta tafi, ɗaki ya sharu, me ya rage wa mai bincike? Gwajin ƙwayar halitta, wato DNA, ba abin da ake samu a kowane lungu ba ne, Legas ma sai 2017 ta buɗe cibiyarta. Akwai waya, musamman tun da aka tilasta haɗa layi da lambar ɗan ƙasa daga ƙarshen 2020, ana iya bin wa ya kira wa da kuma daga ina. Amma wanda ke kwana gida ɗaya da mamaci ba ya buƙatar kiran kowa. Sai shaidar baki, a gidan da kowa ya san maganar gida ba ta fita. Abin da ya rage shi ne iƙirari. Iƙirari kuma, in aka matsu da shi, ana neman sa ne a wurin wanda ba shi da kowa. Ga direba, ɗan ƙauye, shi ya sayo madarar, shi aka ji Alhaji na yi wa faɗa kan kuɗin mai. Biri ya yi kama da mutum.

Abin lura, babu ko mutum ɗaya a majalisar da ya yarda direban ne. Da aka nuna idonsa a kumbure, dariyar takaici aka yi. Wannan rashin yardar ba daga fim muka koyo ta ba, kuma ƙorafin azabtar da waɗanda ake tuhuma na cikin abin da ya kai ga rusa rundunar 'yan sanda ta SARS a Oktoban 2020. A takarda kam an toshe ƙofar. Kundin tsarin mulki na 1999 ya ce wanda ake tuhuma ba mai laifi ba ne sai kotu ta tabbatar, kuma yana da damar yin shiru har ya ga lauya. Dokar shaida ta 2011, a sashe na 29, ta hana kotu karɓar iƙirarin da aka samu ta hanyar gallazawa, shi ya sa in wanda ake tuhuma ya ce dukansa aka yi, alƙali kan tsayar da shari'a ya yi wata ƙarama a cikinta don gano yadda aka samo maganar. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta kawo batun ɗaukar bayani a bidiyo ko a gaban lauya. Ta 2017 mai haramta azabtarwa ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 25 ga jami'in da ya aikata. Fiƙihu ma ya riga su, iƙirarin wanda aka tilasta ba abin gina hukunci ba ne. Baba Saje ya saurari duk wannan daga bakin ɗalibin jami'a, ya gyaɗa kai, ya ce, “Haka ne, ɗana. Sai dai direban bai san da su ba, kuma ba mai zuwa hedikwatar 'yan sanda ta Bompai ya tambayi inda yake.”

Mutum ya amsa laifin da bai yi ba ba ciwonmu ne mu kaɗai ba. Karo na farko da aka yi amfani da gwajin ƙwayar halitta a binciken kisa, a yankin Lesta na Ingila a 1986, ba kama mai laifi ya fara yi ba. Wani saurayi ɗan shekara 17 ne ya amsa cewa shi ya kashe wata yarinya, 'yan sanda suka kai samfurin jini wurin Alec Jeffreys, masanin da ya gano dabarar a 1984, don ya ƙarfafa musu hujja. Gwaji ya ce ba shi ba ne. Ainihin mai laifin sai 1988 aka yanke masa hukunci. Wancan saurayin ya tsira ne don an adana samfurin. Direbanmu kuwa samfurinsa ne uwargida ta zubar a rariya.

Wannan ya dawo da mu kanta, kuma a nan na rabu da yawancin majalisa. Su sun ce haɗin baki ne, ita ta tsara, wani ya aiwatar, kishi ne ya ci ta. Ni ban ga haka ba. Da tana ciki tun farko, ba za ta bar filas ɗin ya wuni a falo ba, ba za ta bar 'yar kishiyarta, wadda muka ga tana goyawa, ta yi ta zagaya shi ba. Ku koma wurin da ta ɗauke shi daga gaban yarinyar. Ta buɗe murfin za ta zuba mata, warin ya buge ta, ta tsaya cak. Ba ta dubi amarya ba, ba ta dubi ƙofar da direba ke tsaye ba. Ta taga ta leƙa, wajen rumfar maza, inda babban ɗanta ke zaune yana karɓar gaisuwa, hannu biyu cikin aljihun riga. A lokacin ta sani. Ta rufe murfin a hankali ta shige da shi ɗaki.

In hasashena ya yi daidai, to dubi inda aka ajiye matar nan. In ta yi magana, ta rasa miji da ɗa a mako ɗaya. Ta fuskar dokar Penal Code, sashe na 221, hukuncin kisa ne. Ta fuskar shari'ar Musulunci, wadda Kano ta dawo da ita a ɓangaren laifuka a 2000, haƙƙin neman ƙisasi ko karɓar diyya ko yafewa na hannun waliyyan jini, kuma su waye waliyyan? Ƙannen wanda ya yi kisan, 'ya'yan da ta haifa da waɗanda ta raina. Ita za ta sa su zauna su yanke wa yayansu. In kuma ta yi shiru, ɗan mutane da ya yi shekaru yana kai ta unguwa zai ruɓe a gidan yarin Kurmawa, ko abin da ya fi haka. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, haka muke faɗa, amma ba mu taɓa cewa a yanke na wani a madadinsa ba. Shi ya sa ban ga muguwa a bakin famfon nan ba, ban kuma ga wadda za a wanke ba.

Akwai inda shirin ya yi rauni, kada a ce na zama maroƙinsu. Sufeton ya cika magana shi kaɗai a mota yana bayyana mana abin da muka riga muka gani, kuma ƙanin mamacin an cika masa gumi da zare ido har ya zama kamar an rataya masa allo an rubuta “ku zarge ni”. Waɗannan ƙanana ne.

Jiya da daddare tela ya sake dawo da hoton rumfar maza, yana neman inda babban ɗan ya fitar da hannu daga aljihu ko sau ɗaya. A wajen ɗaukar makara ne kawai, kuma kafaɗar wani ta tare yatsun. An yi ta gaba da baya har cajin wayar ya mutu. Malamin Islamiyya ya ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, amma shi ma ya matso da kujerarsa yana leƙe. Mai shayi ya yi alkawarin kofi da ƙwai biyu kyauta ga duk wanda ya canki mai zoben, in kashi na goma sha biyu ya fito. Baba Saje bai shiga cacar ba. Da ya miƙe zai tafi, ya tsaya yana gyara hula, ya ce shi ba zoben yake jira ya gani ba, so yake ya ga ko mai wankan gawar nan zai maimaita a gaban alƙali abin da ya raɗa a soro.